Yadda Sauti Ke Girgiza Fallayen Ƙarfe da Gilashi



Duk wanda ya taɓa zama cikin ɗaki mai tagar gilashi sa'ad da aka yi tsawa, ko sa'ad da babbar mota ta tsaya bakin titi injinta yana ruri, ya ji gilashin nan yana karkarwa, alhali kuwa babu hannun da ya taɓa shi. Abin da ya taɓa shi sauti ne. Wannan lacca za ta yi bayani a kan yadda haka ke faruwa, da abin da masana suka gano game da shi cikin shekaru fiye da 200, da kuma dalilin da ya sa ya shafi mai zanen gini, da mai ƙera jirgi, da ma'aikacin da ke sa hannu a takardar kwangilar rufin makaranta.

Abin da ake nufi da falle a nan shi ne kowane shimfiɗaɗɗen abu mai faɗi wanda kaurinsa kaɗan ne ƙwarai in an gwada da faɗinsa. Injiniyoyi sukan ce, in kaurin bai wuce kashi 1 cikin 20 na faɗin ba, to, falle ne. Kwanon rufi falle ne, haka gilashin taga, da silin, da jikin mota, da tankin ruwa, da fatar jirgin sama, da bangon jirgin ruwa. Ya kamata a bambanta shi da fatar ganga. Fatar ganga ba ta da tauri na kanta, sai an ɗaure ta tam kafin ta yi amo, shi ya sa mai kalangu ke sauya muryar kalangunsa da matsa tsirkiya. Falle kuwa taurinsa a jikinsa yake. In an lanƙwasa shi kaɗan aka saki, da kansa yake komawa yadda yake.

Nauyin da ba a gani

Iskar da ke kewaye da mutum tana danna kowane murabba'in mita da nauyin da ya kai kimanin tan 10. Ba a jin wannan danniya domin daidai take ta kowane gefe. Sauti ba kome ba ne illa 'yar ƙaruwa da raguwar wannan danniya, bi da bi, cikin sauri, tana tafiya cikin iska kamar yadda igiyar ruwa ke tafiya a kan tafki. Gudunta kimanin mita 343 ne a sakan ɗaya, watau kilomita ɗaya cikin sakan 3. Yawan zuwa da komawar da take yi a sakan shi ke sa a ce murya kakkaura ce ko siririya. Sauti mai kaɗawa 100 a sakan ruri ne, kuma tsawon igiyarsa ya kusa mita uku da rabi. Mai kaɗawa 1,000 tsawon igiyarsa santimita 34 ne. Kunnen yaro lafiyayye yana ji daga kaɗawa 20 har zuwa 20,000.

Ƙarfin sauti da disibel ake auna shi, kuma ma'auni ne mai ruɗin wanda bai saba ba, domin ba a jere yake hawa ba. Duk ƙarin disibel 20 yana nufin danniyar ta ninka sau 10. Hira tsakanin mutum biyu kimanin disibel 60 ce, kuma danniyarta a kan bango ba abar lissafi ba ce. A disibel 120 danniyar ta kai nauyin kilo 2 a kan murabba'in mita. A 140 ta kai kilo 20, a 160 kuwa kilo 200, watau buhun siminti huɗu. Sai dai wannan nauyi ba a ɗora shi a bar shi. Turawa yake yi ya ja, ya sake turawa ya ja, sau ɗaruruwa cikin kowane sakan. Nan ne haɗarin yake.

Kowane falle da muryoyinsa

Mutumin da ya yi fice wajen nuna wa ido yadda falle ke jijjiga Bajamushe ne, Ernst Chladni, wanda aka haifa a 1756. Shari'a ya karanta don bin umurnin mahaifinsa, amma bayan rasuwar uban sai ya koma binciken sauti. Dabararsa mai sauƙi ce. Yakan ɗaure fallen tagulla ko na gilashi a tsakiya, ya barbaɗa yashi a kai, sa'an nan ya goga bakinsa da bakan goge irin na Turawa. Da falle ya ɗauki amo sai yashin ya yi ta tsalle, ya gudu daga wuraren da ke motsi, ya taru a layukan da ba sa motsi, ya fitar da zane mai ban sha'awa: gicciye, ko tauraro, ko zobba. In ya sauya wurin da ya dafa da yatsa, ko wurin da ya goga, sai wani amon ya fito da wani zanen dabam. Ya buga waɗannan zane-zane cikin littafi a 1787.

Abin da wannan gwaji ya tabbatar shi ne, falle ba ya jijjiga yadda ya ga dama. Yana da muryoyi na halitta ƙididdigaggu, kowace da yawan kaɗawarta da fasalinta, kuma faɗinsa da kaurinsa da irin ƙarfensa da yadda aka ɗaure gefensa su ke tsayar da su. In an ninka kaurin falle, kowace murya tasa ta ninka yawan kaɗawarta. In an ninka tsawonsa da faɗinsa, sai ta sauka zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

A 1809 Chladni ya yi wannan gwaji gaban Napoliyon a Faris. Sarkin ya ba shi faran 6,000 don ya mai da littafinsa Faransanci, aka kuma sa gasa ga wanda zai fitar da lissafin da ya bayyana zane-zanen. Manyan malaman lissafi na Faransa suka ja da baya. Wadda ta shiga ita kaɗai mace ce, Sophie Germain, wadda ta koya wa kanta lissafi a gida domin makarantun ilmi mai zurfi na zamanin ba sa karɓar mata. Ta gwada a 1811 ba ta dace ba, ta sake a 1813, sai a karo na uku, a 1816, aka ba ta kyautar. Ko da haka lissafinta bai cika ba wajen abin da ke faruwa a gefen falle, sai a 1850 Gustav Kirchhoff ya cike wannan giɓi. Lissafin nasa shi ne har yau ake fara koya wa ɗalibin injiniya.

Yanzu sai a haɗa wannan da sautin da ke zuwa daga waje. In sauti ya iso ga falle da yawan kaɗawar da ba ta yi daidai da ko ɗaya daga muryoyinsa ba, falle yakan ɗan motsa ne kawai, kamar wanda aka tasa daga barci. Amma in ya iso daidai da ɗaya daga cikinsu, kowace turawa tana zuwa a lokacin da falle ya riga ya nufi wannan gefen, kamar yadda ake tura yaro a lilo, sai motsin ya yi ta ƙaruwa. Za a kira wannan hali amshi, domin falle amsa waƙar da aka ba shi yake yi. A lokacin amshi motsi yakan ninka sau 10, ko 50, ko fiye, gwargwadon ƙarancin abin da ke shanye jijjigar. Wannan shi ne dalilin da ya sa a ɗaki guda taga ɗaya ce ke karkarwa in wata mota ta wuce, 'yar'uwarta da ta fi ta ƙanƙanta tana shiru. Ƙarar injin jirgi da ta tsawa kuwa ba murya ɗaya ba ce, taron muryoyi ne barkatai, saboda haka kowane falle sai ya tsinci tasa a ciki.

Iska ba 'yar kallo ba ce

Lissafin Germain da na Kirchhoff sun ɗauka cewa falle yana jijjiga ne a sarari fayau, inda babu iska. Alamar farko ta cewa iska na da hannu a lamarin ta fito ne daga wani abin mamaki cikin gwajin Chladni kansa. An lura cewa yashi yana taruwa a layukan da ba sa motsi, amma gari mai laushi ƙwarai yana yin akasin haka, ya taru a wuraren da suka fi motsi. A 1831 Michael Faraday na Ingila ya warware matsalar. Ya sa fallen cikin tukunyar gilashi ya zuƙe iskar da ke ciki, sai garin nan ya bi yashi zuwa layukan natsuwa. Ashe jijjigar ce ke ta da ƙananan guguwoyi a saman falle, su kuma su kwashi garin da ba shi da nauyin da zai yi musu gardama.

Iska ko ruwan da ke jikin falle yana yi masa abu uku. Na farko, yana ƙara masa nauyi. Falle ba zai motsa ba sai ya ture abin da ke gabansa ya kuma jawo na bayansa, saboda haka yana ɗauke da nauyin aro. Mai nauyi kuwa a hankali yake kaɗawa, watau muryarsa ta sauka. Horace Lamb, malamin lissafi a Jami'ar Manchesta, ya fitar da lissafin wannan a 1920 ga falle mai da'ira da ke taɓa ruwa. In an bi lissafinsa aka ɗauki fallen ƙarfe mai faɗin rabin mita da kaurin milimita 2, aka ɗaure gefensa, iska ba ta rage muryarsa da fiye da kashi 1 ko 2 cikin 100 ba. Amma in ruwa ya taɓa shi ta gefe ɗaya kawai, yawan kaɗawarsa yakan sauka ƙasa da sulusin yadda yake, domin ruwa ya fi iska nauyi kimanin sau 800. Ba a bukatar ɗakin gwaji don ganin wannan. A ƙwanƙwasa bokitin ƙarfe yana wofi, a cika shi da ruwa a sake ƙwanƙwasawa. Mai ƙera jirgin ruwa ko tankin mai wanda ya auna muryoyin fallayensa a busasshe, ya manta da abin da za su taɓa, ya yi aikin banza, kuma yana iya jefa su daidai cikin amshi da farfelar da ya yi niyyar kauce wa.

Na biyu, iska tana sace wa falle ƙarfinsa. Duk amon da ya tashi daga falle ya tafi, ƙarfi ne ya fita daga jikinsa ba zai dawo ba, don haka jijjigar ta mutu da wuri. Na uku, in iskar a kulle take a bayan falle, kamar tsakanin kwano da silin, ko tsakanin gilashi biyu, sai ta zama kamar sifirin, tana ƙin matsuwa tana turo falle baya. Matan da ke kiɗan ƙwarya sun san wannan tun kafin a rubuta shi. Ƙwaryar da aka kifa a kan ruwa muryarta dabam ce da wadda aka kifa a ƙasa, kuma in an ƙara ko an rage iskar da ke kulle a ƙarƙashinta, muryar ta sauya. Ƙwarya dai ba shimfiɗaɗɗen falle ba ce, amma hukuncin ɗaya ne.

Akwai kuma wata ƙa'ida da Helmholtz da Rayleigh suka tabbatar a ƙarni na 19, mai amfani ƙwarai ga injiniya: hanyar da falle ke bi ya zuba sauti cikin iska, ita ce hanyar da sauti ke bi ya shige shi. Fallen da ya iya magana ya iya ji.

Dokar nauyi da inda take karyewa

Tambayar da ta fi damun mai gini ita ce, nawa ne daga ƙarar waje ke ratsa bango ko rufi ta shigo? Sauti ba ya ratsa falle ta cikin ƙarfen kamar ruwa a rariya. Girgiza fallen yake yi, shi kuma fallen ya girgiza iskar da ke ɗaya gefen. Saboda haka mafi nauyi ya fi tsarewa, domin ya fi wuyar girgizawa. Ƙa'idar ita ce, duk sa'ad da aka ninka nauyin murabba'in mita, an ƙara tsarewa da kimanin disibel 6, haka nan duk sa'ad da yawan kaɗawar sautin ya ninka. Ga sauti mai kaɗawa 500, kwanon rufi mai kaurin milimita 0.3, wanda bai kai kilo biyu da rabi a murabba'in mita ba, yana rage disibel 14 ne kacal bisa lissafi. Gilashi mai milimita 6 yana rage kimanin 30. Katangar ƙasa mai kaurin santimita 30 tana rage 50 ko fiye. Magina na da, masu tubali da azara, ba su san disibel ba, amma soron da suka gina ya fi ajin bulo mai tsiraran kwano shiru nesa ba kusa ba. An sami sauƙin kuɗi da saurin aiki da tsira daga yoyo da aka koma kwano, amma an biya da zafi da ƙara, kuma ba kasafai ake sa wannan cikin lissafi ba.

Dokar ta kuma bayyana abin da ya sa mai maƙwabtaka da gidan biki ba ya jin kalmomin waƙa sai dukan ganga. Siraran muryoyi bango ya tare su, kakkaura ce ta wuce.

Sai dai masu awo sun daɗe suna ganin wani abu da dokar nauyi ba ta bayyana ba. Ana hawa sama cikin muryoyi, tsarewa tana ƙaruwa yadda aka zata, sai a kai wani wuri ta faɗi warwas, da disibel 10 ko fiye, kafin ta sake tashi. Lothar Cremer, wani Bajamushe, shi ya bayyana dalilin a 1942, kuma bayanin ya cancanci a tsaya a kansa.

In an bugi falle, lanƙwasa tana gudu a jikinsa kamar igiya. Gudun sauti a iska ɗaya ne ga kowace murya, amma gudun wannan igiyar lanƙwasa ba ɗaya ba ne, yana ƙaruwa in muryar ta yi sama. A fallen ƙarfe mai milimita 1, igiya mai kaɗawa 100 tana yin kimanin mita 30 a sakan, mai kaɗawa 1,000 tana yin kusan 100, mai 12,000 kuwa ta kamo gudun sauti a iska. Ƙasa da wannan matsayi, tudu da kwarin da ke jikin falle sun fi igiyar iska gajarta, saboda haka iskar da tudu ya tura sai ta zame kawai ta faɗa kwarin da ke kusa, ba ta matsu ba balle ta zama sauti. Falle yana jijjiga amma ba ya magana sosai, sai ta gefensa da kusurwoyinsa. Daga wannan matsayi zuwa sama kuwa, akwai kusurwar da in sauti ya faɗo a karkace, tudunsa da kwarinsa sukan sauka daidai kan tudu da kwarin falle, su yi ta tafiya tare kafaɗa da kafaɗa. A nan falle ya zama kamar labule, sauti ya wuce kusan ba shamaki. Za a kira wannan gamon igiya.

Ga ƙarfe da alminiyam da gilashi akwai lissafi mai sauƙin riƙewa: a raba 12,000 da kaurin falle a milimita. Gilashi mai milimita 3 gamonsa yana wajen kaɗawa 4,000, mai milimita 6 wajen 2,000, mai 12 wajen 1,000. Abin lura shi ne, ƙara kauri yana ƙara nauyi, wanda alheri ne, amma yana jawo wannan rauni ƙasa zuwa tsakiyar muryoyin magana inda kunne ya fi ji. Haka nan ƙara wa falle tauri ba tare da nauyi ba, ta hanyar walda masa haƙarƙari, yana iya rage motsinsa amma ya ƙara amonsa, domin kowane haƙarƙari sabon gefe ne da sauti zai fita ta wurinsa. Gideon Maidanik ya nuna wannan da lissafi a Amurka a 1962. Mai waldan da ke ƙera akwatin janareta, ya ga kwano yana rawa ya ƙara masa ƙarafa, ya yi mamakin ƙarar ba ta ragu ba, wannan hukunci ne ya hau kansa.

Gajiyar ƙarfe

Har zuwa ƙarshen yaƙin duniya na biyu, maganar sauti da falle maganar jin daɗin zama ce. Injin jet shi ya mai da ita maganar rai. A shekarun 1950 aka fara ganin tsaga a fatar jirage, a bayan fuffuke da wajen wutsiya, a wuraren da ba sa ɗauke da wani nauyi mai yawa, sai dai suna kusa da bakin injin. Jirgin yaƙin Amurka B-52 yana cikin waɗanda suka yi fama da wannan. Fatar jirgi alminiyam ce mai kaurin milimita 1 zuwa 2, an ɗinke ta da ƙusoshi a kan haƙarƙari, kowane fili tsakanin haƙarƙari falle ne mai muryarsa. Ƙarar da ke wajen kuwa takan wuce disibel 150.

A ɗauki fili ɗaya mai murya 300 a sakan. Cikin awa ɗaya ya lanƙwasa ya miƙe fiye da sau miliyan ɗaya. Kowa ya san yadda ake karya waya da hannu: ba a ja, lanƙwasawa ake yi a mai da har ta gaji ta tsinke. Lanƙwasar da sauti ke yi ƙarama ce, amma yawanta ya rama. Tsagar takan fara ne daga bakin ramin ƙusa, inda wahala ta fi taruwa, ta yi ta rarrafe daga ƙusa zuwa ƙusa. Bai kamata a rikita wannan da haɗarin jiragen Comet na Ingila a 1954 ba. Su ma gajiyar ƙarfe ce ta ci su, amma daga kumbura da saɓewar jikin jirgi a kowace tafiya, ba daga sauti ba. Matsalar ƙarar jirage tana cikin dalilan da suka sa Jami'ar Southampton ta kafa cibiyar binciken sauti da jijjiga a 1963. Magungunan da aka samo sun haɗa da matso da haƙarƙari kusa, da fata mai ruɓi biyu da saƙar zuma ta ƙarfe a tsakani, da liƙa abin da ke shanye jijjiga.

Roka ta fi jet. Ranar 9 ga Nuwamba 1967, sa'ad da rokar Saturn V ta yi tashinta na farko a Fulorida, ɗakin 'yan talabijin da ke nisan kimanin kilomita 5 ya girgiza har gutsattsarin silin suka zubo. Ranar 12 ga Afrilu 1981, a tashin farko na kumbon Columbia, igiyar danniyar da ta taso daga kunna rokokin gefe ta daki ƙasa ta dawo kan kumbon, aka rasa tayal 16 na kariyar zafi, 148 suka lalace. Daga nan aka gyara tsarin kwararo ruwa a dandalin tashi, wanda tankinsa ke cin fiye da lita miliyan ɗaya, domin ruwan ya shanye ƙarar. Tauraron ɗan'adam kuwa, mai faffaɗan fallayen hasken rana marasa nauyi, shi ne ya fi kowa jin wannan duka. Shi ya sa kafin a harba shi akan kulle shi cikin ɗaki mai kaurin bango a yi masa ruri da manyan ƙahoni. Ɗakin hukumar sararin samaniya ta Turai da ke Noordwijk a Holan yana kai disibel 154.

Abin da ya shafi ofis da ma'aikata

Ma'aikacin da ke duba zanen asibiti a bakin babban titi, ko makaranta a ƙarƙashin hanyar jirage kamar unguwannin da ke kewaye da filin jirgin sama na Kano, yana da tambayoyin da ya kamata ya yi. Kwano shi kaɗai ba rufi ba ne ga ajin karatu. Silin mai nauyi, da tazara mai yawa tsakaninsa da kwano, da abu mai laushi a cikin tazarar, su ke kawo bambanci, kuma su ne farkon abin da akan soke in kuɗin kwangila ya gaza. Gilashi biyu ba kullum suka fi ɗaya ba. Biyu masu milimita 4 da tazarar milimita 12 a tsakani suna da amshi na kansu wajen kaɗawa 250, saboda sifirin ɗin iskar nan da aka ambata, kuma a daidai nan, inda rurin motoci yake, gara gilashi ɗaya mai nauyinsu. In an buɗa tazarar ta kai santimita 10, amshin ya sauka ƙasa da 100. In kaurin biyun ya bambanta, gamon igiyarsu ba zai faɗo wuri ɗaya ba. Gilashi mai ruɓi biyu da roba a tsakani, irin na gaban mota, yana shanye jijjiga, kuma in ya fashe ba ya tarwatsewa. Kwaltar da ake liƙawa cikin ƙofar mota aikinta ke nan, kashe amshi.

Duk wannan kuwa banza ne in akwai kafa. In kashi 1 cikin 100 na bango a buɗe yake, tsarewar ba za ta wuce disibel 20 ba, ko da sauran bangon dutse ne. Tagar luba, wadda ta cika ofisoshi da makarantu saboda iska, ba ta rufuwa ruf.

Sa'ad da gilashi ya fashe

Akwai sautin da ba ya bukatar maimaitawa, bugu ɗaya yake yi. Daga 3 ga Fabrairu 1964, har wata 6, gwamnatin Amurka ta sa jiragen da suka fi sauti gudu suna ratsa samaniyar birnin Oklahoma sau 8 a rana, don a ga ko jama'a za su jure. An yi bugu 1,253. Tagogi suka fashe, aka shigar da dubban ƙorafe-ƙorafe, kuma a 1973 ƙasar ta hana jiragen fasinja irin wannan gudu a kan tudu. Manyan tagogi su suka fi fashewa, domin muryarsu ta farko kakkaura ce, a wajen da ƙarfin bugun ya taru.

Ranar 15 ga Fabrairu 2013 da safe, wani dutse daga sararin samaniya ya tarwatse a saman yankin Chelyabinsk na Rasha. Haskensa ya fi na rana, mutane suka ruga tagogi don kallo. Haske nan take yake isowa, sauti kuwa sakan 3 yake ci a kowane kilomita, saboda haka sai bayan kimanin minti 2 bugun ya iso birnin, ya tarar da fuskoki a bakin gilashi. Gine-gine fiye da 7,000 suka lalace, mutum kimanin 1,500 suka nemi magani, mafi yawansu yankan gilashi ne. A wata makaranta, malama ta umurci yara 44 su shiga ƙarƙashin tebura da ta ga hasken. Ba wanda ya ji ciwo cikinsu, ita ce gilashin ya yanka. Mutumin da ya fara rubuta littafi, a 1794, yana mai cewa irin waɗannan duwatsu daga sararin samaniya suke faɗowa, malaman zamaninsa suna yi masa dariya, shi ne Chladni mai barbaɗa yashi.